Me Ya Sa Lezar Take Fitar da Haske Iri Biyu?

Ɗana, ka ce da ka ƙara wa lezar wuta sai wani tsini ya ɓullo a allon na'urar auna haske wajen zangon haske na nanomita 1220, na farkon da ke 1300 kuma ya fara sauka, kana tambaya ko ƙonewa ta yi. Lafiyarta ƙalau. Halin leza mai ɗigon kwantam ke nan, wato 'yan mitsitsin tsibiran da ke tsare ilektaron su fitar da haske.

Ka san yadda ake samun ɗigon. Ana shimfiɗa sinadarin InAs (indiyom asenaid) a kan GaAs (galiyom asenaid), tazarar atom ɗinsu kuwa ta bambanta da kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka shimfiɗar ba ta kai kaurin atom biyu sai ta tattare ta zama 'yan tsibirai, faɗin kowanne kamar nanomita 20. Ɗauki kowane ɗigo a matsayin ƙaramin bene: ɗakin ƙasa ilektaron biyu kawai yake ci, na sama huɗu. Ilektaron yakan faɗo na sama tukuna, sannan ya gangara ƙasa, ya haɗu da gurbi, wato mazaunin da babu ilektaron a cikinsa, haske ya fita. Gangarowar tana da sauri, amma tana da iyaka. In ka matsa wuta, masu shigowa sun fi masu sauka yawa, sai su taru a sama har ƙarfinsu ya isa ya kunna leza da kansa. Na sama ya fi kuzari, shi ya sa zangonsa ya fi gajarta.

Saukar tsinin farko ita ce ta fi wuyar ganewa, kuma yawanci laifin gurabe ne. Matakansu a matse suke, tazarar kuzarinsu kamar milielektaronvolt 10, alhali ɗumin ɗaki kaɗai yana ba su kusan 26. Warwatsewa suke yi, sai hasken sama ya cinye mafi yawansu ya bar na ƙasa da yunwa. Tun 1982 Arakawa da Sakaki na Jami'ar Tokyo suka lissafa cewa irin wannan leza ba za ta damu da zafi ba. A takarda haka ne. Da aka ƙera ta farko ta wannan hanyar a 1994, aikin haɗin gwiwar Jami'ar Fasaha ta Balin a Jamus da cibiyar Ioffe ta Rasha, zafi bai bar ta ba. Shi ya sa yanzu ake barbaɗa berilyom ko kabon kusa da ɗigon, gurabe su wadata. Ni dai ban yarda da wefa, faifan da ake tsago leza daga jikinsa, marar wannan barbaɗin ba in aikin wuri mai zafi ne.

Gobe ka tsayar da farantin sanyaya a digiri 25, ka ba ta wutar a gutsuttsure maimakon ci gaba ɗaya, mu ware aikin zafi gefe. Sannan ka auna tsawon guntun lezar. In rabin milimita ka tsaga, hasken da ke tserewa ta maduban bakinsa ya fi ƙarfin ɗakin ƙasa. Tsago mai milimita 2 daga wefa ɗin, ka kawo mini zanen biyun mu gwada.