Amsa ga Maman Sadiq kan gasar yara ta cikin katun

Wa'alaikumus salam Maman Sadiq. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce an kawo wa su Sadiq fom a makaranta, wai za a yi gasar talabijin da ake saka yaro cikin katun na kwamfuta yana tsere da dodanni, ana neman kuɗin rajista, yaro kuma ya hana ki sakat, shi ne kike tambaya ko ki biya. 'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna, ki ji abin da aka yi wa 'yata Ummi bara.

Mu ma haka aka zo mana, da takarda mai sheƙi da hoton yara suna dariya kusa da wani zaki na katun. Muka biya dubu biyar-biyar. Aka tara mu a wani ɗakin taro a Sabon Gari tun da hantsi, ba ruwa ba fanka, yara sun yi jugum har aka kira azahar. Mutumin da ya kira kansa furodusa sai shiga da fita yake da waya a kunne, ko sannu bai ce wa iyaye ba. Abin da ya tanada kuwa, wani koren yadi ne duk a yamutse da aka kafe a bango da ƙusa, sai fitila ɗaya da kyamara.

Ummi ta sa koren hijabinta na salla, don shi ta fi so, tun dare ta goge shi da kanta. Babu inda takardarsa ta ce kada a sa kore. Da aka tsayar da ita gaban yadin, sai ga shi a allon da ke gefe jikinta ya ɓace gaba ɗaya, fuska kaɗai ke yawo a cikin daji. Ɗaki ya ɗauki dariya. Maimakon bawan Allahn nan ya rarrashe ta, sai ya daka mata tsawa, wai wace 'yar ƙauye ce ta zo masa da kore, ta fita ta ba mutane wuri. Yarinya 'yar shekara takwas fa! Ta tsaya tana kallona, leɓenta na rawa, ta damƙe bakin hijabin da hannu biyu, ta rasa ta ina ma za ta bi ta sauka. Na je na kamo hannunta, sanyi ƙalau kamar an tsoma a randa. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ya ce wai ni zan koya masa aikinsa. Har muka hau Keke muka iso Tudun Wada ba ta ce uffan ba. A makaranta yaran da suka je suka laƙa mata "mai kai ba jiki", sai da malamarsu ta sa baki. Hijabin nan har yau yana ƙasan akwati. Shirin kuma ba a taɓa nuna shi a ko'ina ba, lambarsa ta daina shiga, makaranta ta ce ita fom kawai aka ba ta ta raba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe tsawar nan ba. Kuɗin bai dame ni ba ko kaɗan.

Ƙanena da ya karanta aikin jarida a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, shi ya zaunar da ni ya yi min bayani. Kwamfuta ake umarta ta cire duk wani abu mai launin yadin ta maye gurbinsa da zane, shi ya sa hijabin ya tafi tare da bango. Ana zaɓar kore ko shuɗi ne don sun yi nesa da launin fatar mutum, irin abin da masu karanta hasashen yanayi ke tsayawa a gabansa. Ya ce duk wanda ya san aikin, abu na farko da zai gaya wa iyaye ke nan. Kuma dole yadin ya miƙe sumul, haske ya bazu a kansa daidai, yaro ya ɗan matso gaba don kada inuwarsa ta faɗa a kai. Kin ga mai fitila ɗaya da yadi a yamutse ai tun farko ba shiri ya zo yi ba.

Abin da nake so ki fahimtar da Sadiq tun yanzu, ko da na gaskiya ne, ba zai ga zaki ba, ba zai ga daji ba. Bango kawai zai gani, yana tsalle a fili yana kauce wa abin da babu shi, yana satar kallon allo. Yaran da suka shiga bayan Ummi da yawa sun fito jiki a sanyaye saboda wannan. Ƙanen nawa ya nuna mana tsofaffin shirye-shirye irin wannan a YouTube. Akwai Knightmare na Ingila da tashar ITV ta yi daga 1987 zuwa 1994, inda ake kifa wa yaro hular ƙarfe ta rufe masa ido, abokansa uku na kallon allo suna ce masa yi dama, yi hagu, tsaya. Masu shirin sun san yaron ba ya ganin komai, sai suka mai da hakan ya zama shi ne wasan. Akwai Nick Arcade na Amurka a 1992, a nan ma za ki ga yara na lalube a iska. Na Denmak kuwa, Hugo, da ya fara a 1990, daga gida yaro ke buga waya yana danna lambobi yana tuƙa ɗan katun ɗin. Da Ummi ta ga 'ya'yan Turawa ma suna tuntuɓe, ranar ta fara sakin fuska.

Ki je makarantar da ƙafarki, kada ki aika. Ki tambayi wace tasha za ta nuna, wace rana, ki ce a nuna miki wanda suka taɓa yi ko na minti biyu ne. In sun ambaci tasha, a samu wani ya je can ya tabbatar. Ki tambaya ko za a bar ki ki shiga ɗakin, in an ce iyaye su tsaya a waje, ki ɗauki ɗanki ku tafi. Sannan hotunan yaran, ina za a kai su? Ni har gobe ban san a wayar wa bidiyon 'yata yake ba, kuma wannan na hana ni barci wani lokacin. Ranar ma ki duba, mu Asabar aka sa mana, yara suka rasa islamiyya a banza.

Ni abin da ke ƙona min rai, muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da Botorami, ga matasa a Samaru da Kongo cikin Zariya da suka iya zane a kwamfuta, amma 'ya'yanmu sai dai su kalli na wasu a DStv da StarTimes in an kawo wuta, su kuma macuta su zo su ci da ƙishirwarsu. A hutun da ya wuce ƙanena ya sayo koren yadi a kasuwar Sabon Gari, ya rataya a tsakar gida da safe kafin rana ta yi ƙarfi, ya ɗauki yaran da waya ya haɗa a CapCut, wata manhajar haɗa bidiyo, sai ga su suna gudu a gaban kura. In Sadiq ya matsa, ki kawo shi a yi masa, ba ko sisi.

Don Allah ki turo min hoton fom ɗin ni kaɗai, kada ki sa a nan. Ina so in ga lambar wayar da ke jiki, don har yanzu ina ajiye da tamu takardar.