Tambaya da Amsa: Ina Zan Ajiye Bayanin da Ya Shafi Fanni Uku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai neman digiri na biyu a fannin aikin gona, kuma ina rubuta bayanan karatuna a kwamfuta, na kasa su folda-folda. Matsalata ita ce, abin da na rubuta a kan madatsar ruwan Dadin Kowa ya shafi noman rani, ya shafi ambaliya, ya kuma shafi wutar lantarki. In na ajiye shi a wuri ɗaya sai in neme shi a wani in rasa, in kuma na kwafe shi wuri uku sai in gyara ɗaya in manta da sauran. Ina mafita? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Laifin ba na tsarinki ba ne, ɗabi'ar folda ce, domin ita kamar ɗaki take, mutum kuwa ba ya kwana ɗaki uku a dare guda. Shawarata ita ce ki daina wahalar nema wa bayani mazauni, ki mayar da hankali ga haɗa shi da 'yan uwansa.

Masanin zamantakewa ɗan ƙasar Jamus, Niklas Luhmann na Jami'ar Bielefeld, wanda ya rasu a 1998, ya bar ƙananan katuna kimanin 90,000 da ya rubuta da hannu, kuma bai kasa su fanni-fanni yadda ake yi a laburare ba. Kowane kati yana da lambarsa da ba ta sauyawa, idan sabon tunani ya tsiro daga kati mai lamba 21/3 sai ya ba shi 21/3a ya soka shi a bayansa, sannan ya rubuta lambobin wasu katunan da ke da alaƙa da shi ko da suna can wani aljihun tebur. Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Wanda ya taɓa buɗe gafakar malamin zaure ya ga littattafan hannu warƙa-warƙa ba ɗinki, amma a ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, don haka ko iska ta watsa su ana iya mayar da kowace gurbinta.

A aikace, ki rubuta tunani ɗaya a kowane bayani, ki ba shi take mai faɗin magana. "Dadin Kowa" kawai ba take ba ne, amma "Lokacin sakin ruwan madatsa yana shafar shukar shinkafa" take ne da za ki gane ko bayan shekara biyu. Manhaja irin Obsidian, wadda ta fito a 2020, tana ba ki damar sanya taken wani bayani tsakanin baka biyu-biyu, kamar [[Noman rani]], nan take ya zama mahaɗi, wato rubutun da in kin latsa zai kai ki wancan bayanin, shi ma wancan bayanin ya riƙa nuna duk bayanan da suka ambace shi. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke zamewa, suna ta jefa mahaɗai barkatai har zanen alaƙar bayanai da manhajar ke nunawa ya koma kamar saƙar gizo, kyau a ido amma ba amfani. Duk mahaɗin da kika sanya, ki rubuta jimla guda da ke faɗin dalilinsa, ko wannan ya goyi bayan wancan ne, ko kuwa ya saɓa masa.

Folda uku sun ishe ki: sababbin da ba ki tace ba, waɗanda kika tace, da abin da kika ɗebo daga littattafan wasu, domin kada maganar wani ta cakuɗe da taki ranar rubuta kundi. Idan bayanai a kan ambaliya suka taru har kika fara ɓacewa a cikinsu, sai ki buɗe shafi guda ki jera su a matsayin fihirisa, kuma bayanin Dadin Kowa yana iya fitowa a fihirisa uku alhali kwafinsa ɗaya ne.

Obsidian tana aiki ba tare da intanet ba, domin bayanan suna zaune ne a cikin kwamfutarki a matsayin rubutu zalla. Wannan yana nufin in kwamfutar ta lalace sun tafi, saboda haka ki riƙa kwafe foldar gaba ɗaya a filashi duk ranar Juma'a.