Baba ya bar min amanar rabon gida, ƙanina ya ce ba za a raba ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Babanmu ya rasu shekara 2 kenan kuma ni ya naɗa wasiyyiya tun yana da rai saboda ni ce babba. Gida ɗaya ya bari, mu 5 ne, maza 2 mata 3, sai Mama da ke zaune a ciki. Ƙanina ma a ciki yake da iyalinsa, ya ce ba mai taɓa gidan nan tunda shi ya canza rufi ya ƙara ɗaki da kuɗinsa, autarmu kuma tana cikin matsi tana son kasonta, ni ina tsakiya kowa laifina yake gani wallahi ko bacci ba na iyawa. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ki fara sauke wa kanki wani nauyi, wasiyyi ba mai gida ba ne kuma ba alƙali ba ne, amana kawai aka ba ki ki kai wa kowa haƙƙinsa, ba sai kowa ya ji daɗinki ba.

Kafin maganar rabo sai an biya bashin Baba in akwai, sannan wasiyyar da ya yi wa wani in ya yi, ita ma ba ta wuce kashi 1 cikin 3, kuma ba a yi wa magaji. Abin da ya rage shi ne gado. In iyayen Baba duk sun riga shi rasuwa kuma Mama ce kaɗai matarsa, toh lissafinku ma mai sauƙi ne, gidan kashi 8 za a yi, Mama 1 wato tumuninta, kowane namiji 2, kowace mace 1, kin ga ya tashi cif.

Matsalar ita ce gida ba ya yankuwa kamar gona, ba za ki ba wani banɗaki ki ba wani falo ba. Shi ya sa ake yi masa kuɗi. Ki kawo masu ƙiyasta farashin gida guda 2 waɗanda ba su da alaƙa da kowa a cikinku, su faɗi kuɗin a gaban kowa a rubuta. Ɗakin da ƙaninki ya gina da rufin a yi musu kuɗi daban, ya kawo rasit ko shaidu a cire masa, haƙƙinsa ne, amma fa gyaran rufi ba ya mayar da gidan gado na mutum ɗaya, wannan ki faɗa masa cikin lumana ba a gaban matarsa ba.

Ni a ganina tunda Mama na ciki kar ku yi gaggawar sayar wa bare. Wanda yake da hali a cikinku ya sayi kason autar, ko ku haɗu ku biya ta a hankali da yarjejeniya a rubuce da sa hannun shaidu. In ke za ki saya toh a farashin da aka ƙiyasta, a fili, don wasiyyi shi aka fi sa wa ido. Kuma dan Allah in wata ta ce na yafe kar ki yi saurin karɓa, sau da yawa kunya ce ko tsoron a ce ta tayar da Mama, a nuna mata adadin kasonta tukuna, in ta ga dama ta bayar kyauta.

Shekara 2 ma ya isa haka, don in ɗaya daga cikinku ya rasu kafin a raba, kasonsa magadansa zai koma, mutum 6 ku zama 15 kowa da bakinsa. Ki sa ranar zama ki kira babba ɗaya da ƙanin naki yake jin nauyinsa, in aka zauna ya ƙi duk da haka sai ki tattara takardun gidan da na wasiyyar ki kai kotu ta raba.