Jami'ar jiharku ko ta wata jiha?

Yaya, tambayarki ita ce: 'yarki ta zauna a Jami'ar Ohio State tunda a jihar Ohio ta Amurka kuke zaune, ko ta tafi Jami'ar Michigan? Shawarata, ta zauna gida. Ɗan jiha yana biyan kusan dala 13,000 a shekara a Ohio State, a Michigan kuwa kuɗin baƙo ya haura dala 55,000, ban da ɗaki da abinci.

Sai dai in Michigan ta ba ta tallafin da zai cike wannan giɓi, kuma a rubuce har shekara 4. Kada ki dogara da cewa bayan shekara ɗaya za a ɗauke ta 'yar jiha, zaman karatu kaɗai ba ya ba da wannan. Ƙanena ya yi wannan lissafin, har yau bashin yake biya, abin yana damuna.