Muryar Bappa a guruf ɗin gida: kada a sauke injin motar marigayi

Assalamu alaikum. Jama'ar gida, ina kwananku, ya sanyi? To ɗana, na saurari muryar da ka turo jiya da dare har sau biyu. Ban amsa nan take ba don raina ya ɗan sosu, na ce bari in kwana tukuna. Ka ce motar marigayi Yaya, mahaifinka, ba ta tashi da asuba sai an tura, bakanike ya duba ya ce inji ya gaji, ko dai a sauke shi a yi masa aiki gaba ɗaya, ko a cire a ɗora na fetur, kana tambaya wanne ya fi sauƙi. Ni abin da kunnena ya ji daban ne. Nema kake wani babba ya ce maka "cire kawai" don hankalinka ya kwanta. To ba daga bakina ba. Motar nan Marsandi 240D ce ta 1982, na san ta tun kana goye, kuma na san abin da ke cikin bonet ɗinta kamar yadda na san ɗakina.

Tambaya ɗaya nake so ka yi wa bakaniken nan. Da me ya auna ya ce inji ya gaji? Ya sa ma'aunin matsi a kowace silinda, ko kunne kawai ya kara ya girgiza kai? In kunne ne, to maganarsa ba hujja ba ce, ka ajiye ta gefe.

Kana ji na ko? Injin gas ba irin na fetur ba ne, ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska yake zuƙa ya matse ta, a wannan motar har sai ta koma kashi ɗaya cikin 21 na yadda ta shiga, matsin nan ne ke sa ta yi zafi, sai nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Shi ke nan. Saboda haka abu uku kawai take nema da safe: zafi, gas mai tsabta wanda babu iska a cikinsa, da batir mai ƙarfin juya ta da sauri. Yanzu muna tsakiyar hunturu, ka san yadda Bauchi take a Disamba da Janairu, ƙarfe ya kwana a waje ya yi sanyi ƙalau. Mota mai ɗan rauni da ke lallaɓawa a watan Afrilu, yanzu ne asirinta ke tonuwa. Wannan ba ya nufin ta mutu.

Gobe da asuba ga abin da za ka yi, ko sisi ba za ka kashe ba. Ka sa ƙaninka ya tsaya a bayan mota yana kallon salansa, kai kuma ka murɗa makulli. Kada ka wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 kana juyawa, ka bar sitata ta huta, in ba haka ba za ka ƙona ta ka ƙara wa kanka aiki. In ya ga farin hayaƙi yana fita mai warin ɗanyen gas, to mai yana isowa, zafi ne babu, sai mu nufi hita, wato 'yan ƙarafan da ke ɗumama cikin silinda da wutar batir kafin inji ya tashi. In kuwa babu hayaƙi ko kaɗan, inji na ta juyawa salansa shiru, to mai ne ba ya zuwa, iska ta shiga layi ko wani wuri ya toshe. Ka ga da ido kaɗai mun raba matsalar gida biyu.

Mu fara da hita. Guda huɗu ne, kowace silinda da nata... a'a, dakata, na yi gaba da yawa. Batir tukuna. Ka cire kawunan batir ɗin nan biyu, ka fara da na nagetif, ka kankare farin garin da ya taru da sanfefa har sai dalma ta yi haske, ka bi wayar da ta tafi jikin mota ita ma ka kwance ka goge ka ɗaure tam. Sau nawa na ga an sayi sabon batir alhali datti ne a kai. Kuma batir ɗin ƙaramar motar fetur ba ya ɗaukar wannan injin, in shi aka sa mata ka gaya mini.

Yauwa, hita. A cikin bonet, ta gefen hagu kusa da taya, akwai wani baƙin akwati ƙarami, shi ke ba hitocin wuta. Ka buɗe murfinsa za ka ga wani siririn ƙarfe shimfiɗe an ɗaure shi da sukuru biyu, fiyus ne mai amfiya 80. Abin nan yana tsagewa siriri kamar gashi, in ka kalle shi sai ka rantse lafiyarsa ƙalau, sai ka kwance shi ya rabe biyu a tafin hannunka. In shi ne, duk hitocin huɗu ba sa samun wuta, kuma kuɗinsa bai kai na kwanon tuwo ba. In lafiyarsa lau, ka zare soket ɗin wayoyin da suka tafi hitoci, ka samo fitilar gwaji irin ta masu wayarin, ka maƙala bakinta a kan fozitif na batir, ka riƙa taɓa ramin kowace waya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta kunna fitila tana da rai, wadda ba ta kunna ba ta mutu. Guda biyu su mutu a cikin huɗu, a sanyin nan, wallahi sai an tura.

In kuma babu hayaƙi ne, ka duba ƙaramar tacen mai, wadda ake ganin cikinta, kusa da injekta famfo, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul. In ta yi baƙi ka canja ta, ka canja babbar ma. A jikin famfon akwai ɗan abin bugawa da hannu, ka warware kansa ka yi ta bugawa har ka ji ya yi tauri. In gas na tsiyaya ta wuyansa lokacin da kake bugawa, to shi kansa ƙofar iska ne, a sake shi. Sannan ƙananan tiyo ɗin nan masu rigar zare da suka haɗa nozul da nozul, ka shafa su da yatsa. In ka ji danshi sun tsufa, ana sayar da shi da tsayi ka yanka da reza ka cusa, aikin minti goma. Mota ta kwana, mai ya sulale ya koma tanki, iska ta maye wurinsa, da safe ka yi ta juyi a banza. In iskar ta yi yawa, ka sassauta notocin bututun da ke kan nozul da sifana mai lamba 17, rabin juyi kawai, a murɗa makulli har ka ga gas na tsartuwa babu kumfa, ka ɗaure. Amma hannunka ya yi nesa da wurin. Feshin nozul yana huda fata ya shiga jiki, ba abin wasa ba ne.

Ka san abin da ya sa nake zafi a kan maganar nan? A 1996, shekarar da aka ba Gombe jiha, ni da mahaifinka muna dawowa daga can, mun wuce Alkaleri, muna dab da gadar Dindima motar nan ta fara shaƙewa. In ya taka sai ta ja baya, in ya sassauta ta ɗan farfaɗo, haka muka lallaɓo har gida. Washegari muka kai wa wani bakanike, ba zan kama suna ba, ya rasu ma ina ji, Allah ya jiƙan musulmi. Ko tace bai duba ba ya ce famfo ne. Ya kwance injekta famfo ya tafi da shi, mako uku mota na kan dutse a garejinsa, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Da ya mayar bai daidaita lokacinsa ba, mota ta koma ƙara kamar injin niƙa, baƙin hayaƙi kamar an ƙona taya, kuma shaƙewar tana nan yadda take. Kuɗin da Yaya ya tara na rufin ɗakin mahaifiyarku, shi ya tafi a wannan aikin. Damina ta same su da tsohon kwano yana yoyo, kai ba za ka tuna ba, kana rarrafe. Ni na tuna, don ni na riƙa jera kwanoni a tsakar ɗaki.

Daga ƙarshe wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin kamfanin Steyr na nan Bauchi, ya zo gida da kekensa. Bai zo da komai ba sai sifana biyu da tsumma a aljihu. Ya zare tiyon da ya fito daga tanki, ya sa baki ya hura, ya ce mu kasa kunne a bakin tanki. Shiru, iska ba ta wucewa. Ya ce a sauke mai, ya kwance rariyar da ke gindin tanki, wallahi ɗana abin da ya fito kamar kunun kanwa da ya kwana, baƙi, mai yauƙi, har da yashi. Gas ɗin jarka da muka riƙa saya a bakin hanya wurin 'yan bumburutu, ruwa da datti duk sun taru a wurin. Ya wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya mayar, ya daidaita famfon da wancan ya ɓata. Yaya ya ba shi kuɗi ya ƙi karɓa, sai goro. Kuma wancan bakaniken ko haƙuri bai ba mu ba, har cewa ya yi ai aikinsa ne ya sa ta tashi. Shekara nawa yanzu, in na wuce ta layin sai na ji abin ya taso mini. Ya kalli mutum kamar Yaya, wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ya... to, a bar maganar, safiya ce.

Ina muka tsaya? Bawul. Wannan injin ba ya daidaita bawul da kansa, sai an yi masa da hannu lokaci-lokaci, kuma na tabbata tun rasuwar Yaya babu wanda ya buɗe murfin nan. In suka matse ba sa rufuwa sosai, matsi ya zube, mota ta ƙi tashi da sanyi, sai a ce inji ya gaji. Ana yi ne inji na sanyi, tazarar da ake bari a bawul na shigar iska 0.10, a na fitar hayaƙi 0.30 na milimita. Wannan kada ka yi shi kai kaɗai karon farko, yana son sifana 14 guda biyu masu lanƙwasa, nawa suna nan a akwatin ƙarfe. Bayan an yi wannan ne ma awon matsi zai faɗi gaskiya. Kafin nan ga ɗan gwaji: in ta tashi ta yi zafi, ka warware murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka ɗaure ba. In yana 'yar rawa a wurinsa, da sauranta. In ya yi tsalle ya faɗo hayaƙi na bugowa, to sai mu zauna mu yi maganar aiki, ni ma ba zan yi maka gardama ba.

Abu biyu na hana ka. Kada ka buɗe cikin injekta famfo, kada ka bar kowa ya buɗe shi a ƙasa cikin ƙura, masu shi daban ne, suna da injin gwaji. Na biyu, na ji a muryarka ka ce yaran unguwa sun ba ka shawarar fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska. Kul. Hita na ja zur a ciki, abin zai kama kafin lokacinsa ya daki fistin, ranar za ka ga gajiyar inji ta gaske. Akwai kuma maganar in ta ƙi mutuwa bayan ka zare makulli, wannan tiyon iska ne ya huje, akwai ɗan hannu a kan inji an rubuta STOP ka danna... amma ba ka ce tana yi ba, a bar shi sai ta yi.

Sai maganar famfon tsakar gida da mahaifiyarku ta faɗa a guruf shekaranjiya, wai yana ɗiga dare da rana har gansakuka ta fito, kuna jiran mai gyara. Haba ɗana. Ruwan da sai an kunna janareta an tura shi tanki, shi ake bari yana bin rariya? Ka rufe makunnin da ke ƙasan tanki, ka kwance kan famfon da sifana, a ƙasan sandar akwai 'yar baƙar roba kamar kwabo, ita ce ta cinye. Ka tafi da ita kasuwar Wunti ka nuna a ba ka irinta, ka sayo da farin tef na famfo. In ta wurin haɗi yake yoyo, tef ɗin za ka naɗa, ka bi yadda zaren ke ɗaurewa, in ka naɗa a baibai yana warwarewa da ka fara murɗawa. Kuma kada ka ɗaure da ƙarfin tsiya, yawan matsewa ne ke kashe robar tun farko, ka gaya wa yaran gidan ma. Tsohuwa ce, ta taka gansakukar nan ta zame fa? Wannan yau za ka yi shi, ba sai na zo ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo bayan sallar asuba. Ka sayi tacen mai babba da ƙarama, da tiyon nozul kamar mita ɗaya, hita kuma kada ka saya sai mun gwada mun ga nawa suka mutu. Daren Juma'a kada kowa ya tura ta, kada a zuba mata ruwan zafi, ina so in same ta da sanyinta yadda take ba ka wahala. Ka ce wa bakaniken an gode, za a neme shi. Ka gaida mahaifiyarku, ka ce a ajiye mini kunu.