Kawu, haramun ne in tambaya ko akwai wasu halittu a sama?

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya da daddare, wai ka tambayi ko akwai wasu masu hankali a wata duniyar ban da mu, aka ce maka ka yi shiru, wannan shisshigi ne, ba mu gaji irin wannan tambaya ba. To ni kawunka ina gaya maka mun gada. Wa ya raɗa wa taurarin nan suna kaza da 'ya'yanta? Wa ya ce zara matar wata? Mutanen da suka daɗe suna ɗaga kai ne suna mamaki, ba wanda ke sa wa abu suna sai ya damu da shi. Kuma kullum a salla kana cewa Rabbil alamina, Ubangijin talikai, sannan ka duba Suratu Shura aya ta 29, an ambaci dabbobin da Ya watsa a sammai da ƙasa, malamai sun yi ta bayani a kai, wasu sun fassara ta wata fuskar, amma dai ba a kulle ƙofar tunani ba.

Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne girman wurin, don nan ne mutane ke ruɗewa. Haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka sai ya yi minti 8 kafin ya iso mana daga rana. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana, Proxima Centauri, haskensa sai ya shekara 4 da ɗoriya a hanya. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, wanda aka liƙa masa faifan zinare mai gaisuwa cikin harsuna 55 ko Allah zai sa wani ya tsinta, har yau tafiya yake ba tsayawa, ya wuce kilomita biliyan 24, amma da wannan gudun nasa sai ya haura shekara 70,000 kafin ya ci nisan wannan tauraro ɗaya tak, maƙwabcinmu na ƙofar gida kenan fa. Gungun taurarin da muke ciki kuwa akwai taurari sama da biliyan 100 a cikinsa, kuma irinsa biliyoyi ne.

Lokacin da nake saurayi ba wanda ya taɓa tabbatar da wata duniya tana zagaya wani tauraro irin rana. Sai 1995 wasu masana biyu 'yan Suwizalan, Michel Mayor da Didier Queloz, suka gano ta farko, yanzu an tabbatar da sama da 5,000. Wallahi wannan abin yana taɓa ni har zuciya.

Sai dai kar ka yi gaggawa, samun duniya ba shi ne samun rai ba. Ita kanta zara duniya ce ba tauraruwa ba, girmanta kusan ɗaya da tamu, amma zafinta ya kai digiri 460, darma ma narkewa take a can. Nan gidanmu ma an yi biliyoyin shekaru ba komai sai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Har yau ba a samu hujja ko ɗaya ta rai a wajen duniyarmu ba, saboda haka bidiyoyin nan na faranti mai tashi da ake turowa a WhatsApp, don Allah ka daina yaɗa su.

Akwai wani masani Enrico Fermi da ya tambayi abokansa a 1950, in akwai masu hankali a wasu duniyoyi, to ina suke? Ni a ganina shirun bai isa hujja ba. Rediyo duka-duka shekara ɗari da 'yan kai muka yi da ita. Saƙon rediyo da aka aika sararin samaniya daga tashar binciken taurari ta Arecibo da ke Puerto Rico a 1974 sai ya yi kimanin shekara 25,000 kafin ya isa inda aka nufa, ka ga wanda ya yi sallama yanzun nan ai bai kamata ya ce ba kowa a gidan ba.

In sama ta washe ka fita ka nemi kaza da 'ya'yanta, hasken da zai shiga idonka ya baro can sama da shekara 400 da suka wuce. Ka kira ni ka gaya min guda nawa ka iya ƙirgawa, ni yanzu idona biyar yake ba ni. Ka gaishe min da mamanka.