Ɗana Yana Aiki a Ɗaki, Dangin Yarinya Suna Tambayar Ofis

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya karanta kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun bara yake yi wa wani kamfanin Amurka aiki daga ɗakinsa, daga bayan azahar har tsakar dare, ana biyansa da dala. Yanzu dangin yarinyar da yake nema suna tambayar ina ofishinsa yake, maƙwabta kuma sun fara tsegumin ko ɗan damfara ne. Shin wannan aiki abin dogaro ne?
Wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada aikin daren ya tayar miki da hankali, domin lokacin da ake buɗe ofisoshi ƙarfe tara na safe a gabashin Amurka, a Zariya ƙarfe biyu ko uku na rana ne. Irin wannan aiki kuma ya daɗe da zama ruwan dare. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙirga dandalin intanet masu haɗa ma'aikaci da mai aiki guda 142 a 2010, zuwa 2020 sun haura 777.

Inda gizo ke saƙar shi ne matsayinsa a wurin kamfanin. Galibi irin waɗannan kamfanoni suna ɗaukar mutum a matsayin ɗan kwangila ne, wato babu fansho, babu hutun shekara, babu kuɗin asibiti, kuma ana iya sallamarsa da saƙo guda ɗaya, alhali shi ke sayen data, shi ke kafa sola don kada ɗaukewar wuta ta yanke masa taro. Ko a Ingila sai da direbobin kamfanin tasi na Uber suka kai har Kotun Ƙoli kafin ta yanke hukunci a 2021 cewa sun cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Su kuwa kamfanin yana ƙasarsu; wanda ke Tudun Wada wace kotu zai kai mai aikin da ke bayan teku?

Saboda haka ki sa shi ya nuna miki takardar yarjejeniya, a duba sharaɗin sallama da ranar biya. Ya kuma buɗe asusun fansho da kansa, tunda hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ba masu zaman kansu wannan damar tun 2019. Su kuwa dangin yarinya, waliyyinsa ya je musu da takardar nan tare da bayanan banki na 'yan watanni.